Gargadar da Baba Sumul Ya Goge

Shekara talatin da huɗu ya yi a sashenmu na fiziks, amma in ka tare ɗalibi a baranda ka tambaye shi sunan mutumin na gaskiya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Baba Sumul kowa ya sani. Ni kaina ban ga sunan ba sai ranar da na tarar da takardarsa a teburin Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, an danne ta da kofin shayi.

Takardar ta neman ƙarin wa'adi ce. Ritayarsa za ta zo a ƙarshen shekara, shi kuma yana roƙon a bar shi shekara biyu. Sa hannun Farfesa kawai take jira. Duk wanda ya san Baba ya san abin da yake gudu. Matarsa ta rasu shekara tara ke nan. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisan kwana biyu a mota, tana kiransa ƙarshen mako in yara sun bar ta. Ciki da falo yake zaune a saman wani shagon taya, kuma ya taɓa ce min in ya koma gida da yamma, muryar farko da zai sake ji bayan ta mai taya ita ce ta kwandastan motar safe. Da dariya ya faɗa. Ni ma na yi dariyar, don lokacin ban da hankali.

Da gyaran agogo ya fara, a wata rumfa kusa da tasha. Wani malamin jami'a ya kawo masa agogon da masu gyara uku suka gagara, ya tsaya yana kallon yadda yake ɗaukar dunƙulen ƙarfen da bai kai ƙwayar yashi ba, hannu ko motsi. Mako na zagayowa ya dawo masa da madubin ƙara girma wanda makunninsa ya cije. Daga nan aka ɗauke shi aiki. Shekara goma sha bakwai yana gyaran na'urori da goge gilasai, sannan girafin ya zo, ya ci sauran goma sha bakwai ɗin.

Kada sunan ya ba ka tsoro. Baƙin abin nan na cikin fensir falle-falle ne, ɗaya kan ɗaya. In ka iya ɓare falle ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra guda, to shi ne girafin. Wutar lantarki tana gudu a cikinsa yadda ba ta yi a yawancin abubuwan da muka sani, shi ya sa masana suka rikice a kansa. Kuma da me ake ɓarewa? Da salatif. Ka manna, ka ɓare, ka ninka, ka sake ɓarewa, har abin ya yi siriri, sannan ka ɗauko shi da 'yar roba mai laushi ka kwantar a kan ɗan farantin silikon da bai fi farcen yatsa ba. Mutum ya yi digiri biyu, ya zo ya ƙare da wasa da salatif. Mahaifiyata har yau ba ta yarda wannan ne aikina ba.

Wahalar ita ce abu mai wannan sirantakar ba ya son kwanciya lafiya. Ƙura kaɗan, ɗumi kaɗan, ko hannu ya yi gaggawa, sai ya yi gargada, tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani sai an sa madubi mai allura, na'urar da allurarta ke bin saman abu tana zana hotonsa. Ilektoron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, in suka hau gargada sai su watse, gudunsu ya ragu, nan su taru, can su yi ƙaranci, kamar ruwan sama a titin da ya farfashe. Shekaru da yawa abin da kowa yake nema shi ne falle kwantacce. Kuma a ginin nan kaf babu mai kwantar da shi kamar Baba. In ya gama ya duba, ba ya cewa ya yi kyau. Sai ya ɗago kai ya ce, “Sumul.” Haka sunan ya bi shi.

Shi ya koya min riƙe matsefata, ɗan hantsakin da muke ɗaukar ƙananan abubuwa da shi. Makon farko bai bar ni na taɓa komai ba sai ɗaukar gutsuren takarda daga nan zuwa can. Ni mace ce mai gajen haƙuri, na cika na batse, na ce masa ban zo jami'a don tsince-tsince ba.

“To, Dakta,” ya ce. Tun ban yi nisa a karatun digirin dakta ba yake kirana Dakta, don tsokana. “Ki daina numfashi a kansa tukuna, sai mu yi maganar jami'a.”

Yana da wata al'ada ta kansa. A bakin ƙofa akwai kanta inda muke ajiye kwalayen farantan da za a kai ɗaya ginin, a shimfiɗa musu wayoyin zinare masu siririn gaske kafin a auna su. Baba yana zuwa ƙarfe bakwai, mu ƙarfe tara. A cikin awa biyun nan sai ya buɗe kowane kwali ya duba. In ya ga na wani ya yamutse, sai ya cire, ya sa kwantacce daga nasa a ƙarƙashin lamba ɗaya, ya rufe, ya yi shiru. Rufin asiri yake kiran abin. Duk ɗalibai sun sani, babu wanda ya taɓa kai maganar gaba, don kowa ya ci moriyarta. Ni sau biyu ya rufa min a shekarata ta farko, na kuma karɓi yabon Farfesa hannu bibbiyu, ko kunya.

Ranar Alhamis muke taron mako, inda kowa yake faɗar abin da yake nema da dalilin nemansa. Baba ne yake jera kujeru, ya gwada majigi, ya ɗora ruwan shayi. In mun fara shigowa sai ya fita ya ja mana ƙofa. Ba wanda ya taɓa korarsa, ba kuma wanda ya taɓa ce masa zauna. Yakan tafi matakala ta baya ya ci burodinsa shi kaɗai, yana kallon motocin da ke fakin a ƙasa.

A shekarata ta uku Farfesa ya sauya min hanya, a ɗaya daga tarukan nan. Ya ce gargadar da muke ta gudu tana iya zama abin nema. Ƙwayoyin girafin a jere suke kamar saƙar zuma. In fallen ya lanƙwasa, saƙar tana miƙewa a nan ta matse a can, sai ilektoron su riƙa karkata kamar an kawo musu maganaɗisu mai ƙarfi, alhali babu maganaɗisu ko ɗaya a wurin. In gargadar ta zo barkatai, ba ka ganin komai sai hargitsi. Amma in ta jeru layi-layi kamar kwanon rufi, ana iya auna abin. Kundin digirina ya koma kan wannan. Aikina ya zama in yamutsa girafin da gangan, kuma in yamutsa shi da tsari.

Ban gaya wa Baba ba. Na daɗe ina neman dalili mai kyau in ba kaina, ban samu ba. Da farko kunya ce, mutumin da ya koya min kwantarwa ya zo ya same ni ina ɓatawa. Daga baya kuma, in faɗi gaskiya, ban ga abin da zai sa ya sani ba. Shi mai hannu ne, mu masu kai, haka ginin ya raba mu, ni kuma na karɓi rabon ban tambaya ba. Sai na riƙa yin aikin lokacin da ya tafi matakala, ko bayan ƙarfe huɗu in ya kama hanyar gida. Ina miƙa roba, in ɗora falle, in sassauta, in kwantar. Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata huɗu bakin rai bakin fama, na samu faranti uku da gargadarsu ta jeru yadda ake so.

Ranar da na gama na ukun aka kira ni cewa za a yi wa mahaifiyata tiyata. Na rubuta lambobi a kwali, na ajiye a kantar bakin ƙofa, na ɗauki jakata. Ko kalma ɗaya ban ƙara a jikin kwalin ba.

Kwana goma na yi a asibiti. Da na dawo, farantan sun dawo daga ɗaya ginin da wayoyinsu, an rufe kowanne a mazauninsa. Doka ita ce ka sake dubawa kafin ka auna. Ni ina sauri, ban duba ba, na zura su a na'urar sanyi na fara awo. Mako uku ina zaune gaban kwamfuta ina jiran alamar maganaɗisun da babu. Ilektoron suna ta gudu abinsu, babu tangarɗa, babu karkata. Na zargi na'ura, na zargi wayoyi, har lissafin Farfesa na zarga a zuciyata. A mako na huɗu na fito da faranti ɗaya na sa a madubi mai allura. Hoton ya fito layi bayan layi. Ko tudu ɗaya babu. Na san hannu ɗaya ne a ginin nan zai iya wannan.

Na same shi a bencinsa yana yanka salatif.

“Baba, ka taɓa kwalina?”

Ya ajiye almakashi, ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka kama yana alheri. “Ba komai, Dakta. Na ga duk ukun sun yamutse, na ce hankalinki yana wajen Mama. Kowa yana da irin wannan makon.”

“Ina nawa?”

“Na wanke farantan. Suna nan tas, za ki iya sake amfani da su.”

Abin da na faɗa bayan nan ba zan maimaita duka ba. Na ce wata huɗu na rayuwata ya wanke a kwano. Na ce wa ya aike shi. Na ce in bai san abu ba ya tambaya, ba kowane abu ne gyaran agogo ba. Wannan ta ƙarshen ita ce har yau take hana ni sukuni. Ɗalibai biyu suna wurin, sun sunkuyar da kai kamar ba su ji. Muryata ce ta fito da Farfesa daga ofis.

Farfesa ba mugu ba ne, mutum ne da ayyuka suka yi wa yawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya.

“Malam, tun yaushe kake canza farantai?”

Baba ya miƙe tsaye. “Tun da aka fara, ranka ya daɗe. Waɗanda suka lalace kawai.”

“Kana rubutawa?”

“A'a. Ai rufin asiri ba a rubuta shi.”

Na ga fuskar Farfesa ta sauya, sai a lokacin na gane na buɗe abin da ya fi nawa girma. Shekara goma sha bakwai ana rubuta cewa faranti kaza an yi shi rana kaza ta hanya kaza, ashe wasu ba su ba ne. Dole a koma a bincika tsofaffin awo. Ɗaliban da Baba ya rufa wa asiri, da ni a cikinsu, babu wanda ya buɗe baki ya ce mun sani. Takardar ƙarin wa'adi ta bar teburin a wannan makon, babu sa hannu.

Ba a kore shi ba. Sauran wata biyar ɗinsa ya yi su cif. An cire kantar bakin ƙofa aka kawo kabad mai makulli, aka ce daga yau kada ya taɓa farantin kowa. Aka bar masa wankin kwalabe da lissafin safar hannu. Yana zuwa ƙarfe bakwai kamar da. In na shigo ƙarfe tara sai in tarar ya gama komai, yana zaune a bencinsa, hannuwa a kan cinya. Muna gaisawa. Bai daina ce min Dakta ba, ni ce na daina iya kallon idonsa. Na koma kan robata, wata uku na samu faranti ɗaya, shi ma rabinsa ne ya jeru.

Ranar ƙarshe aka yi masa ɗan shayi a ɗakin taro, Farfesa ya yi jawabi mai kyau, aka tafa, kowa ya watse. Ina gaban kwamfuta ina kallon awon rabin farantin nan, sai na ji mutum a bayana. Baba ne, yana riƙe da jakarsa da kwalin kayansa.

“Dakta, in ba zan takura miki ba. Me gargadar take yi musu ne?”

Na ja masa kujera. Na ɗauko takarda na zana saƙar zuma, na lanƙwasa takardar, na nuna masa inda take miƙewa da inda take matsewa. Na nuna masa layin awo, inda ya kamata ya tafi santal amma ya yi 'yan tsalle-tsalle, na ce a nan ne ilektoron suke karkata. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaya ko tudu mai tsini ya fi mai faɗi karkatar da su. Na ce ƙwarai, inda lanƙwasar ta fi tsanani nan abin ya fi ƙarfi. Ɗaliban shekarar farko sukan yi wata guda kafin su kawo wannan tambayar.

Ya daɗe yana kallon hoton farantin. Sannan ya ce, “Wannan da miƙa roba kika yi.”

“Eh.”

“Shi ya sa rabi ya tsere miki. Ai da kin ɗumama farantin kaɗan, ki sauke fallen daga gefe ɗaya, ki ɗaga robar kafin ya huce. Layi-layi yake zuwa. In kina son su matsu, ki rage kaurin robar. In kina son su buɗe, akwai wata hanyar.” Ya ƙirga a yatsunsa, leɓensa yana motsi. “Hanya shida na sani. Duk na san su ne don in guje musu.”

 Wata bakwai ina fama a ɓoye, mutumin da ya fi kowa sanin yadda girafin yake yamutsewa yana zaune taku biyar daga bencina.

“Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ban san ana so ba,” ya ce.

Na ce ya tashi ya nuna min yanzu. Ya kalli bencin, ya kalli matsefatar da ke kai, bai miƙa hannu ba. Ya ce an ce kada ya taɓa, kuma ya riga ya mayar da katin ƙofa tun safe, ba ya son ranar ƙarshe ta zama ranar da ya sake karya doka. Na bar shi a nan na ruga ofishin Farfesa. Farfesa ya saurara, ya cire tabarau ya murza ido, na ga abin ya taɓa shi. Amma ya ce takardu sun wuce tun watanni, an rufe gurbin, na'urar kwantarwa aka yi oda a madadinsa. Ya ce in rubuta duk abin da Baba ya faɗa. Kafin in dawo Baba ya tafi, ya mayar da kujerar da na ja masa mazauninta.

Na rubuta. Na gwada, bai yi ba. Kwana uku ina juya lambarsa a waya kafin na iya kira. Ƙarar farko ba ta ƙare ba ya ɗauka.

Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bar wannan, in gaya masa ɗumin nawa na sa. Daga ranar kullum ƙarfe goma na safe sai na kira. Ina jin ƙarar injin iska na mai taya a ƙasansa, shi kuma yana tambaya dalla-dalla, wane gefe na fara saukewa, daƙiƙa nawa na jira, ko an buɗe ƙofa lokacin da nake ɗagawa. Wani lokaci in ce, “Baba, a hankali kamar yaya?” Sai in ji yana numfashi, na san hannunsa yana yin abin a iska. Sannan ya ce, “Ki ƙirga bakwai, amma kada ki ƙirga da sauri irin naki.” Wata rana na makara da minti ashirin, ya ce ya ɗauka layin ne ya lalace, har ya sauka ƙasa ya sa mai taya ya kira shi don ya gwada.

Mako biyar muka yi a haka. Ranar wata Talata na buɗe madubi mai allura, hoton ya fito layi-layi daga wannan gefe zuwa wancan, babu inda ya karye. Na sake yi, ya sake fitowa. Kafin Juma'a ina da faranti goma sha ɗaya, da na farko ya dawo daga ɗaya ginin da wayoyinsa na zura shi a na'urar sanyi, layin awo ya yi tsallensa a daidai inda lissafi ya ce. Nan take na kira shi, ban ko jira ƙarfe goma ba.

“Baba, ya yi. Goma sha ɗaya, duk sun jeru. Na iya da kaina yanzu.”

“Madalla,” ya ce. “Madalla, Dakta. Allah ya yi albarka.” Na ji daɗin a muryarsa, na gaske ne. Ya tambayi tazarar layukan, na faɗa, ya ce ai ya san za su matsu haka. Injin mai taya yana ta huci a ƙasa.

“To gobe ba sai kin kira ba ke nan,” ya ce.

Na ce haba Baba, zan kira mana, ai ba don aiki kaɗai nake kira ba. Ya ce to, ya gode. Na kira sau biyu a wannan watan, sau ɗaya a na gaba.